Luka Sardin da Zogalen Cokali

Luka ɗan wani ƙauye ne a bakin Gulbin Maraɗi, kuma ba son hamada ne ya kawo shi Akokan, garin masu haƙar ma'adinai, ba. Yunwar tamanin da huɗu ce ta koro shi. A shekarar nan gidansu sun yi wata bakwai cur suna cin ganye: tafasa, zogale, ganyen wake, har da wanda ba wanda ya san sunansa. Mahaifiyarsa ba ta kai damina ba. Ranar da zai hau kamiyon arewa, ya tsaya tsakiyar tasha, ya ɗaga hannu sama gaban fasinjoji da masu sayar da rake, ya rantse da Allahn da ya halicce shi cewa ganye ba zai sake zama abincinsa ba har ya koma ga Ubangiji.

Allah ya taimake shi ya samu aiki a ramin yuraniyom, yana jan tiyon ruwa bayan masu huda dutse. Kamfani ya ba shi gida mai famfo da lantarki. A butik, wato kantin ma'aikata, kuma ya gamu da sardin, kifin gwangwani, kuma tun daga ranar shi ke nan, an rasa Luka.

Sardin da safe, sardin da rana, makaroni da sardin da yamma. Kuma bawan Allahn nan ba ya zubar da gwangwani. Sai ya wanke su tas, ya jera su a kan katangar gidansa, bakinsu na kallon hanya, don duk mai wucewa ya san irin abin da ake ci a ciki. Kafin shekara biyu sunan ubansa ya ɓace, ko a majami'a Luka Sardin ake ce masa. Abokin cinsa kuwa Harisu ne, Badamagare, wanda suke sauka rami tare. Lokacin hutu sai su buɗe gwangwani biyu a kan dutse, suna ci suna yi wa masu kwanon miyar kuka dariya.

Matsalar Luka ɗaya ce, kuma da kansa ya je Tsibiri ya auro ta. Liya ta zo Akokan da akwati, da tukwane, da wani guntun icce a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta kafa shi bayan ɗakin girki, tana zuba masa ruwan wanke-wanke. Zogale kuwa ba ya jin kunya, cikin shekara ɗaya ya leƙo sama da katanga, ya yi wa gwangwanayen inuwa. Ita da 'ya'yanta suna cin kwaɗonsu da ƙuli-ƙuli da albasa, maigida yana tsaki yana cewa an mayar masa da gida garken awaki.

Aka yi shekaru haka. Sai kasuwar yuraniyom ta faɗi, aka fara rage ma'aikata. A kan hanyar Agadas kuma 'yan tawaye suka tsaya, mota ba ta wucewa sai cikin ayari da rakiyar soja, wani lokaci sati uku ba a ga ayarin ba. A irin wannan lokaci ne bizit ta zo, wato gwajin lafiyar da ake yi wa masu shiga rami kowace shekara. Kowa ya san wanda ya faɗi bizit a bana, sunansa ne farko a takardar sallama. Wanda aka sallama kuwa, gida ya tafi, famfo ya tafi, lakwal, wato makarantar yara, ta tafi.

Luka ya shiga yana buga ƙirji. Likitan, wani Bazabarme mai Hausar koyo, ya ja masa fatar ido ƙasa, ya duba, ya sake dubawa.

"Fari fat kamar takarda. Kana jin jiri?"

"Kaɗan, in na miƙe."

"Kana haki?"

"Kaɗan, in na zamna."

Aka ɗibi jini aka auna, likita ya ce jinin ya yi ƙasa ƙwarai. Ƙwayoyin ƙarin jini kuma suna can Agadas cikin motar da ba ta zo ba. Ya ba shi sati shida ya dawo. "In bai hau ba, ba ni sa hannu. Matarka ya iya dafa zogale?"

Luka ya ce ba ta iya ba. Ƙarya tsagwaronta, a gaban likita!

Likita ya ja takarda ya rubuta: zogale kullum, da wake, da hanta in an samu, da kunun kuka. Ya yi masa bayani cewa ganyen nan yana ɗauke da abin da jiki ke gina jini da shi, yana kuma gyara gani, tsamin kuka kuwa shi ke taimaka wa ciki ya tsotse shi. Shayi kuma, ban da shi a bayan abinci, don yana hana amfanin shiga jiki. Ya buga hatimi ya miƙa masa.

Luka ya ninke takardar ya cusa a hula, ya tafi wurin Harisu neman shawara. Harisu ya ce ai likitocin nan ba su san komai ba, jini ja ne, to me ya kai tumatir na gwangwani ja? A dama shi da madara a sha, kwana uku ido ya yi jajir. Luka ya bi butik-butik ya kwashe ragowar tumatirin garin. Ya sha kwana huɗu. Ido bai yi ja ba, amma ciki ya ɗauka. Kuma wanda bai taɓa shiga rami ba bai san nisan da ke tsakanin bakin aiki da makewayi ba. Rana ta biyar shef ɗinsu, shugaban aikin, ya ce ko dai ya riƙe tiyo ko ya riƙe wando, ya zaɓi ɗaya.

Da Liya ta tsinci takardar a hula wajen wanki, ta kai wa 'yarsu Abigail ta karanta mata. Ba ta yi faɗa ba, sai ta sa zanen fita ranar Lahadi, bayan sujada ta kai ƙara wurin Fasto Moïse da dattawan ikilisiya biyu, a ƙarƙashin rumfar kwano.

"Baban Abigail zai maida mu ƙauye da yara huɗu saboda ganye," in ji ta. "Ku tambaye shi, mi za mu ci can in ba ganyen ba?"

Luka ya ce shi dai ya rantse, kuma mutum ba ya wasa da sunan Allah. Aka yi ta juya magana har rana ta take. Can sai Fasto ya karɓi takardar, ya ɗaga ta, ya nuna hatimin.

"Ɗan'uwa Luka, ranar da ka rantse, ka ce ba ka ƙara cin ganye a abinci. Ka ambaci magani?"

Luka ya yi tunani, ya ce bai ambata ba.

"To wannan da hatimin likita ya zo."

Wayyo, da ma Fasto bai faɗa ba! Luka ya riƙe maganar da hannu biyu. Tunda magani ne, to sai a sha shi yadda ake shan magani. Ba dafawa, ba gishiri, ba ƙuli-ƙuli, ba zama kan tabarma. Liya ta shanya ganyen a inuwa, ta daka, ta tankaɗe, ta zuba masa a kwalba. Safe cokali biyu, yamma cokali biyu, a tsaye, ya toshe hanci ya watsa gari busasshe a maƙogwaro ya bi da kunun kuka. Rabin lokaci sai ya ƙware, ya yi atishawa, hayaƙi kore ya fito masa ta hanci, yara su ruga bayan ɗaki su yi dariyarsu. Ga kwaɗo can a kwano yana ƙamshin man gyaɗa, mutumin nan yana kallonsa ta gefen ido yana haɗiyar yawu, amma ko loma. Haka ya yi har sati shidan suka cika, da wake, da hantar akuya ranar kasuwa, shayi kuma sai tsakar hantsi.

Ranar komawa, likita ya ja fatar ido, ya auna jini, ya daɗe yana kallon takarda. Jinin bai kai inda ake so ba, amma ya hau, ya tsallake layin da ƙyar. Ya sa hannu. Luka ya fito yana jin kamar ya rungumi mai gadi.

A kan bencin ƙofa ya tarar da Harisu, wanda bizit ɗinsa ta faɗo ranar. Yana zaune, hula a gwiwa, takarda a hannu. Ba sai an tambaya ba. Luka ya sunkuya ya ja masa fatar ido, ya ga fari fat. Harisu 'ya'yansa bakwai, ga tsohuwar uwa a Damagaram da ke jiran aike. Luka ya ji tausayi ya kama shi.

Ya ja shi gida. Harisu ya ga kwalbar, ya shinshina, ya ce wallahi gara sallama da wannan azaba, shi ba ya iya shan ƙasa. Liya ta kawo kwanon kwaɗo ta ajiye a tabarma.

"In abin kirki ne, don me kai ba ka ci?" in ji Harisu.

Yara suka daina wasa. Luka ya dubi kwanon ya daɗe, sannan ya ce wa Abigail ta kawo ruwan wanke hannu. Ya zauna, ya sa hannu, ya kai loma baki. Yana taunawa hawaye na zubo masa, don rabonsa da wannan ɗanɗano tun hannun mahaifiyarsa.

"Yaji ya yi yawa?" in ji Liya a hankali.

"Bai yi ba," in ji Luka. Ya tura kwanon gaban Harisu. "Sa hannu, sati shida gare ka."