Idona da Lagireton Yaya

Ƙamshin girki na fara ji. Mun baro Ikara ke nan, mun miƙi hanyar Makarfi, babu gida kusa, babu rumfar mai abinci, sai gonakin rake dama da hagu, amma hancina ya dage wai ana dafa miya. Ina zaune a gaba kusa da Yaya, zafin ƙarfen ƙasan motar yana ratso silifas ɗina.

"Yaya, anya motar nan ba ta ɗauki zafi ba?"

Bai ko dube ni ba. Ya ƙwanƙwasa gilashin da ke bayan sitiyari da yatsa. "Kin ga allurar nan? Ita ke nuna zafi. Tun da muka bar Kurmin Kogi kin ga ta motsa? Injin gas ne, yarinya, ba risho ba."

Ba ta motsa ba kam. Allura ce mai haƙuri, irin wadda ko a murhu aka jefa ta ba za ta ɗaga kai ba.

Yaya shi ne babban wana, kuma a makon nan ya sayi motar, akori-kura ta hannu, a wurin wani dillali a Makarfi. Dillalin ya rantse masa cewa ta wasu turawa ce masu rabon magani, ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi kwali nauyi ba. Ni dai da na share bayanta na tarar da busassun 'ya'yan tumatir da kashin shanu. Wataƙila turawan suna kiwo. Ran nan Kudan muka nufa, shi zai yi lodin rake, ni kuma zan sauka gidan gwaggonmu wurin suna.

Ba mu yi nisa ba motar ta fara jan ƙafa, sai tururi ya turnuƙo daga ƙarƙashin bonet. Yaya ya gangara gefen titi, ya ce ba komai, ruwa ne ya yi ƙasa. Ya sa na ɗauko jarka daga baya. Ya cire hularsa ya ninka a kan murfin lagireto, ya ce, "Matso kusa. Da na buɗe ki zuba, kada ta huce da ƙishi."

Na matso, na sunkuya da jarkata. Shi ya kawar da fuskarsa gefe kamar yadda ya ga direbobi suna yi. Ni ba wanda ya ce in kawar da tawa.

Ban ji ƙarar ba sai daga baya. Abin da na sani, wani abu mai zafi da yauƙi ya mare ni a gefen hagu, daga goshi zuwa kunci, idona ya rufe ya ƙi buɗuwa. Har yau in tukunya ta fara ɗaga murfi a madafi sai in tsinci kaina a tsakar gida, hannuna a kan fuska, kuma rubutun nan ma ina yi ina ajiye biro.

Kafin in gama ihun farko likitoci sun cika bakin titi. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai, wani ya ce gishiri, wani ɗan acaɓa har ya fara neman baƙin mai. Allah ya kawo wata tsohuwa mai sayar da rake, ta ture su duka, ta kwantar da kaina a cinyarta tana kwarara mini ruwan sanyi. Ita ta ce wa Yaya ya daina salati haka nan ya kai ni asibiti.

A asibiti a Makarfi wata nas ta daɗe tana wanke mini idon. Da ta gama ta ɗaga gefen hijabina, ta dubi wani kore-koren abu da ya manne a jiki.

"Malam, ruwa zalla ne a lagireton, ko an zuba wani abu?"

Yaya ya ce ruwa ne mana.

"Ruwa ba ya yauƙi. Ka ji ni da kyau. In zafi ne kawai, da sauƙi, wataƙila fatar ido ce ta tare shi. In kuwa akwai wani sinadari mai ci, irin soda da ake wanke lagireto da ita, to yana iya cin idon ko an wanke, kuma yau ɗin nan za ku kwana a Zariya. Mai duba ido zai shigo bayan la'asar. Kafin nan ku gano mini mene ne wannan."

Ta rufe idon da auduga da filasta. Na ƙi zama ni kaɗai, don da na yi shiru sai in ji kamar ana cin idon a hankali daga ciki. Na bi Yaya.

An riga an jawo motar zuwa garejin da ke kusa da tasha, kuma dillalin a nan yake zama, shi da abokin sana'arsa, a kan benci ƙarƙashin darbejiya. Dillalin Alhaji ne mai ƙiba, da carbi da ƙamshin turare. Yana ganina ya dafa ƙirji.

"Subhanallahi! Sannu 'yata. Ƙaddara ta riga fata."

Yaya ya gaishe shi yadda ya kamata, har da tambayar iyali, ni kuwa ina tsaye ina jin idona yana bugawa. Sannan ya ce, "Alhaji, me aka zuba a lagireton motar nan?"

"Ruwa. Tsabtatacce. Ko alwala ka ga dama ka yi da shi."

"Alhaji, idon yarinyar nan..."

"Ai na gani, Allah ya ba ta lafiya. Amma ka sani lafiya lau ka karɓi mota. Ka zagaya da ita, ka ce ka gamsu, aka shafa fatiha."

Abokinsa ya karɓe. "Ku manoma matsalarku ke nan. Kun saba da jaki, ku yi ta duka har ya faɗi. Mota lallaɓa ta ake yi."

Duk sanda Yaya ya ce ido, su abin da suke ji shi ne a mayar da mota. Alhaji ya ce shi dillali ne kawai, haɗa mai saye da mai sayarwa ne aikinsa, ya kira wani a Zariya ya sa wayar a fili. Na Zariya ya ce shi ma a hannun wani na Kano ya karɓa, kuma yanzu yana wurin jana'iza. Na Kano wayarsa a kashe. Da mun bi layin har ƙarshe ina jin da mun iso kan turawan nan masu shanu.

Bakaniken garejin yana gefe yana duba motarmu, yana magana da kansa. Ya danna fanbel, ya ce da ƙarfinsa. Ya juya fanka, tana juyawa. Ya matsa tiyo na sama da na ƙasa, ya leƙa baƙin mai ko ruwa ya shiga, ya ce gasket dai bai ƙone ba tukuna. Sai ya cusa hannu gefen injin ya jawo wata 'yar waya da aka cire aka naɗe ta tsaf da salatif.

"Ga wayar allurarka nan, maigida. An ba ta hutu."

Daga nan ya tara roba, ya kwance ƙasan lagireto. Abin da ya fito ba zuba ya yi ba, saukowa ya yi, kore, mai kauri, yana jan zare. Ya nuna mana tsaga a jikin lagireton. An zuba abu don ya toshe tsagar, ya toshe ta, ya kuma toshe duk ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi ya huce. Ruwa ya tsaya wuri ɗaya yana dahuwa tun daga Kurmin Kogi.

Ya shinshina. "Kamar kuka. Amma ba zan rantse ba. Ruwan kwalba na lagireto ma kore ne, kuma ban san me aka haɗa da shi ba. Wanda ya zuba shi ya sani."

Alhaji ya duƙufa kan carbinsa.

Ni ba mai magana a gaban manya ba ce, amma inuwar darbejiyar nan ta fara tsawo. Na ɗauki robar, na ajiye a gaban takalminsa.

"Baba Alhaji, ka ce ko alwala a yi da shi. Ga la'asar ta gabato. Fuska kawai za ka wanke, in gani."

Wani direba ya kwashe da dariya ya ce, "Alhaji, bismillah."

Yaya ne ya ƙarasa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ku shaida, na riƙe motar. Ba zan dawo da ita ba, ba zan kai ƙara ko'ina ba. Ka faɗa mini abin da ke ciki kawai."

Nan take Alhaji ya samu lafiya. Ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"To ai da haka ka fara! Kuka ce. Kuka zalla, daga madafin gidana, da hannuna na zuba. Sai ɗan garin kwaki don ta kama. Kowa haka yake yi."

"Babu soda?"

"Soda? Haba, ni mugu ne?" Ya tsoma yatsu a robar ya shafa a kuncinsa, har kusa da ido, yana kallona kamar ya yi mini kyauta.

Muka koma asibiti da robar a hannun Yaya. Mai duba ido ya iso, dattijo ne marar yawan magana. Ya saurari labarin, ya leƙa robar, ya ɗaga audugar a hankali. Ya ɗiga mini magani, ya haska 'yar fitila, ya sa na dubi sama, na dubi ƙasa. Na riƙe ƙarfen gado da hannu biyu. Da farko hazo nake gani, sai farar rigarsa ta fito, sai Yaya a bayansa, kai babu hula, idanunsa jawur.

"Me kike gani a bangon can?"

"Agogo."

"To alhamdulillahi. Fatar ce ta ƙone, za ta warke. Ƙwayar idon ba abin da ya taɓa ta. Ba sai kun je Zariya ba, 'yata. Amma daga yau miya ta baki ake sha."

Yaya ya zauna a ƙasa daɓas, robar tana cinyarsa. Na rufe idon dama da tafin hannu, na sake duban agogon da na hagu shi kaɗai. Biyar ta wuce kaɗan, kuma allurarsa tana motsi.