Hoton Ƙirjin da Ke Numfashi

Jama'a, wannan da ni aka yi, ba labari aka ba ni ba, wallahi. Shekarun baya na yi aiki a ɗakin karatu na wata makarantar koyon jinya a wajen Malumfashi, ƙarƙashin Hajiya Asabe, dattijuwa mai natsuwa, ban taɓa ganin mai riƙon amana irinta ba. Ita ta koya mini rarraba kaya: na saurare kamar kaset gefe guda, na kallo kamar bidiyo gefe guda, hotunan ƙashi da na ƙirji kuma, waɗanda ake ɗagawa a haske, da durowarsu daban.

Wata rana da damina bayan azahar aka kawo mana tsofaffin hotuna daga wani asibiti da aka rufe, an goge sunayen masu su, don ɗalibai su koya. Ina ɗaga su a taga ina rarrabawa, na zo kan na wani ƙirji, kawai sai na ji numfashi, a hankali, irin na manomin da ya gaji ya zauna bakin gona. Na sauke, shiru. Na sake ɗagawa, ya ci gaba. Innalillahi! Na yar da shi na ruga wurinta na ce, "Hajiya, a ba ni ashana, ƙone shi zan yi!"

Ta zo ta ɗauke shi daga ƙasa, ta goge da bakin mayafinta, ta ɗaga ta kasa kunne. Idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ɗana, ƙirjin ɗan wani ne fa. Ba ma ƙona mutane a nan."

Ta sa shi a sabon ambulan ta ajiye cikin kayan saurare, ta hana a ba ɗalibai. Kullum da safe sai ta duba shi kamar mai jinya.

Da kaka, ana cikin girbin masara, ta kira ni ta ɗaga shi. Muka kasa kunne, muka daɗe. Shiru.

Ta ce, "Allah Ya jiƙansa," ta mayar da shi durowar sauran hotuna.

Har yau ban san ko wane ne ba, ban san inda ya cika ba. Ni dai roƙona, in asibiti ya ba ku hoton jikin wani naku, kada ku jefa shi a bola. Ku adana, don Allah.