Allunan Tseren da Baba Ya Gyara

Baba na shafa kakin zuma a dogayen alluna biyu a shagonsa da ke unguwar Karantina, wajejen 1970. Na wani injiniya Bature ne, zai je gida tseren zamiya kan dusar ƙanƙara, yana so su yi santsi.

Baba bai san ƙanƙara ba sai wadda ake sakawa a sharba a sha. Ya lumshe ido yana hango farin tsauni, mutum yana gangarowa shi kaɗai.

Inna ta ce, "Malam, an gama?"

"Halas, an gama. Amma ɗan mutane ne, Hajiya. In ya zame fa?"

Ya ɗauki zarto ya karce ƙasansu don su riƙe ƙasa.

Baturen ya zo na ƙarshe a tseren, ya kuma daina kawo aiki. Baba ya ce, "Ai da ƙafafunsa ya dawo."

Ku fa, tausayi ya taɓa ɓata muku aiki?