Cokalin da ya buɗe ƙofar motar Alhaji

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma kullum sai in ji tsoron kada in ƙara abin da bai faru ba, ko in rage wa wani haƙƙinsa. Amma shekaru suna tafiya, kuma akwai wata baiwar Allah da har yau ban gode wa yadda ya kamata ba. Ranar da na haɗu da ita kuwa, ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ne ƙasarmu ta rikice da maganar dimokuraɗiyya. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, shaguna a rufe, hanya ko'ina shingen sojoji. Ni sabon direba ne a gidan wani Alhaji ɗan kasuwa a Sokode. Yana da wata mota 'yar Turai da ya bar wa ƙanensa na Dapaong, ya ce in kai masa. Da zai miƙo mini makulli ya ce, "Amana ce. Yadda ta bar gidan nan, haka nake so ta isa. In ka iya wannan, aikinka ya zauna." A kwanakin nan in abu ya karye a mota to ya karye ke nan, don kayan gyara sun daina zuwa daga Lome.

Ina shirin tashi sai ga wata dattijuwa da ƙullin kaya da kwanon abinci. Ta rasa mota a tasha, ga shi 'yarta ta haihu a Dapaong. Alhaji bai san ta ba, amma ya ce in ɗauke ta saboda Allah.

Tun kafin mu kai Bafilo na fara jin wani abu yana ƙwas-ƙwas a cikin ƙofar gefena. Duk ramin da muka faɗa sai ya amsa. Ni kuma Allah ya yi ni da saƙe-saƙe. Me ke ciki? Harsashi ne? Wa ya sa? Dattijuwar, wadda nake ce wa Inna, tana ta cin goronta tana ba ni labarin jikoki, ni ko rabi ban ji ba.

Bayan mun wuce Mango muka tarar da shinge. Wani soja matashi ya duba takardu, ya leƙa but ɗin motar, ya miƙo mini kayana. Har ya ɗaga hannu mu wuce, sai ya ce, kamar yadda yake ce wa kowa, "Ba ka ɓoye komai ba ko?"

Da na ce a'a, da shi ke nan. Amma bakina ya ƙi, tunda ban tabbatar ba. Na ce, "Shef," don haka muke kiran soja, "ni dai ban ɓoye ba, amma akwai abin da ke motsi a cikin ƙofar nan."

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Kai ɗan nan, wa ya aike ka?"

Sojan ya girgiza ƙofar, abin ya ce ƙwas. Fuskarsa ta canza. Ya zare wuƙar bakin bindigarsa ya ce, "Ka buɗe, ko in buɗe." Na dubi marfin cikin ƙofar, sumul, ko ƙwarzane babu, ban ma san ta inda ake kama shi ba. Na sa yatsu a gefe zan fizga da ƙarfi.

"Tsaya!" in ji Inna. Ta fito tana gyara zane, ta ce wa sojan, "Ɗana, mayar da wuƙarka. Ba akuya ba ce da za a feɗe. Marigayi mijina aikinsa ke nan a Sokode, gyaran kujeru da cikin mota, ni nake riƙe masa kaya."

Ta sa na kwance kusoshin mariƙin ƙofa da sukudireba. Hannun ɗaga gilashi kuwa, bakin kallabinta ta zura a bayansa ta ja hagu da dama, wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ya faɗo, hannun ya fita. Sannan ta ɗauko cokali mai yatsu daga kwanonta, ta shafa masa man kaɗanya, ta ba ni.

"Maɓallan roba ne ke riƙe da marfin," in ji ta. "Laluba da yatsa, inda ka ji ya ƙi ɗagawa, nan ɗaya yake. Sa cokalin wuyan maɓallin ya shiga tsakanin yatsunsa. Shimfiɗa tsumma a ƙasa kada ka ci fenti. Ɗaga shi tsaye, kada ka karkata."

Na zura cokalin yadda ta ce. Na ɗaga, sai na ji ɗas. Na ce, "Wayyo, na karya!"

"Ba ka karya ba, gaishe ka ya yi. Wuce na gaba."

Har sojan sai da ya murmusa. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na can ƙasa ya ƙi, na fara matsa masa. Ta buge mini hannu. "Tsoho ne, ya bushe. Ana lallaɓa tsoho, ba a jan sa." Ta ƙara mai, na juya cokalin a hankali, ya saki.

Sojan ya leƙa ciki, sai ya ja da baya. Laya ce ɗinke da jar fata, da ɗan zoben ƙarfe a jikinta. Ashe Alhaji ne ya sa aka rataye ta a ciki don tsarin hanya, zaren ya tsinke. Sojan ya ƙi ko taɓa ta. Ya ce, "Mayar, mayar! Ku tafi." Na ɗaure ta da kyau, muka daidaita kowane maɓalli da raminsa, na danna da tafin hannu. Ko ɗaya bai karye ba.

Da muka shiga Dapaong ta ce in sauke ta a wata mararraba kafin kasuwa. Ta ce, "Gaskiyarka tana da kyau, ɗana, amma ka riƙa haɗa ta da natsuwa." Ta ɗauki ƙullinta ta shige lungu. Ni duk hankalina yana kan kai mota, ko sunanta ban tambaya ba.

Ƙanen Alhaji ya zagaya motar bai ga aibu ba. Duk da haka na faɗa masa komai, ya yi dariya har da hawaye. Aikina ya zauna, da shi na yi aure na rene 'ya'yana. Abin da na koya a ranar shi ne, abin da ya ƙi fita ba ƙarfi yake nema ba, a nemo inda ya kama. Na gwada wannan a kan mota, na gwada a kan mutane.

Sai da na koma Sokode na tarar da cokalinta a aljihuna, ya ɗan lanƙwashe. Yana nan a wurina har yau, kuma ba nawa ba ne. Don Allah, duk wanda ya san wata dattijuwa matar mai gyaran kujerun mota a Sokode, wadda 'yarta ta yi aure a Dapaong, ya taimaka ya sanar da ni. In tana raye in je in durƙusa in gode mata. In ta riga mu gidan gaskiya, in mayar wa jikokinta cokalinsu, in san sunan da zan riƙa ambata a addu'a.