Teburin da Muke Ja Lokacin Azahar

A zamanin soja aka kawo wa ofishinmu kwamfuta, guda ɗaya tal, aka damƙa mini ita don na yi kwas na mako biyu a Kaduna. Ɗakinta kaɗai ke da na'urar sanyaya iska. Ni da nake taka keke daga Mabera cikin ranar da ke iya gasa tsire a kan sirdi, sai ga ni ina shiga ofis da rigar sanyi.

Wata Litinin na kunna ta, faifan da ke cikinta ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru. Sunayen ma'aikata duka suna ciki, ga hedikwata tana jiran su.

Kafin la'asar kowa ya zama ɗan sandan ciki. Masinja ya ce asiri ne. Mai gadi ya rantse ya ji tari a ɗakin ranar Lahadi. Amma idon kowa, har nawa, a kan Baba mai tafireta yake, dattijon Tudun Wada da ya shekara ashirin yana buga mana takardu. Tun zuwan kwamfutar bai taɓa yi mata kallon arziki ba.

Darakta ya kira shi. "Baba, wa yat taɓa injin ga?"

"Ranka shi daɗe, ni ko inuwatai ban takawa."

"To mi ya sa ka ce kwananai ƙidayayyu na?"

"Nawa ma ƙidayayyu na, ranka shi daɗe."

A lokacin, kalmar zagon ƙasa ta isa a sallami mutum ba ko sai-anjima. Aka rubuta takardar korarsa da biro, tunda ba mai bugawa sai shi, aka ajiye ana jiran bakin injiniya.

Injiniyan ya zo bayan kwana huɗu. Ya kara kunne kamar mai sayen kankana, ya ce faifan yana da ɗan karatunsa da yake bita kafin ya fara aiki, allura ta karce daidai wurin, yanzu ko sunansa bai sani ba. "Akwai mai jijjiga teburin nan tana kunne?"

Na saci kallon teburin. Kullum azahar manyan ofis a ɗakin suke salla saboda sanyi, sahu kuma ba ya miƙewa sai an ja teburin gefe. Mu biyu ke ja, tana kunne: ni a ƙafa, Darakta a kai, don shi ke limanci.

Na kwana biyu ina lissafin bakin 'ya'yana. A rana ta uku na shiga wurin Darakta na rufe ƙofa.

"Ranka shi daɗe, teburin ga dai mu biyu ka jan shi."

Ya dube ni har na ji gemuna yana furfura. "Wa kag gaya ma?"

"Ba kowa."

"Ka tabbata?"

Ya yage takardar korar Baba gida huɗu. A rahoto aka ɗora wa zafin gari laifi, gari kuwa bai musa ba. Baba ya sake buga sunayen da tafireta cikin mako uku, bai ce mini na gode ba, ban kuma san abin da ya sani ba. Ni aka mayar da ni sito, inda ko fanka babu, wai a can bakina zai fi hutawa.