Hannun Hagun Seini Piyano

A Zangon Kumasi akwai Seini da yawa, amma in ka ce Seini Piyano kowa zai nuna maka gidan. Ba wai alfahari ake yi da shi ba. Dattawan unguwa sun daɗe suna yi masa kallon wanda ya bar hanya, tunda a otal-otal ɗin Adum, tsakiyar gari, yake neman abincinsa, inda ake rawa ana shan giya. Shi kuwa bai taɓa musu da kowa ba. Ya yi sallarsa, ya sa kwat, ya wuce.

Mahaifinsa mutumin Gambaga ne, dakon goro ya kawo shi Kumasi. Seini yana ɗan shekara sha shida ya sami aikin shara a kulob ɗin Turawa, inda akwai piyano da yake gogewa kowace safiya. Wani akawu ɗan Fante mai kaɗa ta ran Asabar ya lura gugar nan tana daɗewa, sai ya zaunar da shi ya nuna masa inda ake ɗora yatsu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tafi Takoradi, a can ya ji kiɗan jaz a fayafayan sojojin Amurka. Ya dawo Kumasi da wani irin kiɗa da ba a saba ji ba. Hannun damansa yana rera waƙa, na hagun kuma yana tsalle daga ƙasa zuwa tsakiya, yana riƙe da kiɗan gaba ɗaya. Makaɗa kan ce in Seini ya zauna, hannun hagunsa kaɗai ya ishi masu rawa.

Shekara ashirin da biyu yana kiɗa tare da Jibirin, tela ne mai kaɗa ganguna, haifaffen Zango, amma mahaifinsa daga Tawa ta ƙasar Nijar ya zo. Su biyun ba su iya rubuta kiɗa a takarda ba. Duk abin da Seini ya ƙirƙira, a kansa yake, da kan Jibirin.

A watan Afrilun 1969, suna gwaji da rana a otal, Seini ya ga hannun hagunsa ya zame daga kan piyano ya faɗa cinyarsa. Ya so ya ce wa Jibirin su dakata, bakinsa ya ƙi. Wata uku ya yi a asibiti. Magana ta dawo, ƙafa ta yarda ta ja da sanda, hannun kuwa ya lanƙwashe a ƙirjinsa bai sake miƙewa ba. Yana da shekara sittin da ɗaya.

Matarsa Azaratu, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ita ke shafa masa man kaɗanya a hannun safe da yamma. Maƙwabta suka yi ta zuwa gaisuwa. Wani liman ya ce masa, cikin kyakkyawar niyya, "Malam Seini, wataƙila Allah ya so ka da rahama ne, ya raba ka da wancan wurin." Seini ya ce, "Na gode, Malam." Bayan fitar liman ya juya fuska bango, ranar bai ci abinci ba.

Jibirin yakan zo kowace Juma'a bayan masallaci. Wata rana a watan Satumba ya ce, "Tashi mu je otal ka gai da piyanonka. Da rana ba kowa." Suka hau turoturo, motar haya, zuwa Adum. Mai otal ɗin, Ba'asante ne, ya tarbe su da fara'a yana "Wofa Seini, akwaaba!", wato Kawu Seini, sannu da zuwa. Amma piyanon an ture ta lungu, an ɗora akwatunan kwalabe a kai. A dandamali kuwa gita ce mai lantarki da wayoyi, na samarin da suka maye gurbinsu.

Jibirin ya sauke akwatunan, ya jawo kujera. Seini ya ɗora hannun dama ya fara "Ruwan Subin", kiɗan da ya fi so cikin nasa, wanda ya sa wa sunan rafin Kumasi. Jibirin yana buga tebur da tafin hannu don ya cike gurbin. Ba su yi nisa ba Seini ya tsaya.

"Ci gaba mana, yana fita," in ji Jibirin.

"Jibo, kada ka yi mini ƙarya, ba mu saba ba. Wannan ba kiɗa ba ne. Kamar mutum ne yake magana shi kaɗai a ɗaki."

Ya rufe murfin. A hanyar dawowa ya ce, "Ka san abin da ke damuna? Ina kwance a asibiti ina lissafin abin da na yi da raina. Shekara arba'in ina sa mutane rawa. Sun yi rawa, sun tafi gida, sun manta. Faifai ɗaya tak aka taɓa ɗauka da ni, ko sunana babu a jiki, masu ƙaho sun danne ni. Kai in ka ɗinka riga ana ganinta a jikin mutum. Ni me zan nuna?"

Jibirin ya ce, "Kiɗe-kiɗenka, ni ina da su duka a kaina. Za mu sami wanda ya iya rubutawa, in rera masa na hannun hagu, kai ka kaɗa na dama."

Sun yi maganar wani malamin makarantar mishan da zai iya. Ba su kai ga zuwa ba. A watan Nuwamba gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zango ta rikice. Ana sayar da gadaje da tukwane a bakin hanya, manyan motoci suna lodin mutane. Jibirin bai taɓa taka Nijar ba, amma aka ce shi ma baƙo ne. Ya sayar da gangunansa, ya ɗaure keken ɗinkinsa.

Ranar tafiya ya biyo da sassafe. Ya tsuguna gaban Seini ya kama hannun da ya mutu ya riƙe.

"In abu ya lafa zan dawo, in Allah ya yarda."

"Ka gai da mutanen Tawa," in ji Seini. Abin da ya iya faɗa ke nan.

Wasiƙa ɗaya ta zo a watan Maris ɗin 1970, Jibirin ya ce sun isa, ƙaramar 'yarsa ta rasu a hanya. Daga nan shiru.

Seini ya koma zama a benci kusa da kaskon Azaratu, yana miƙa wa masu saye ƙosai da hannu ɗaya. Yakan bi kiɗe-kiɗensa a zuci don kada su tsere masa. Da damina ta kama, wata safiya yana bin "Ruwan Subin" sai ya kai tsakiya ya tarar da rami. Ya koma farko, ya sake zuwa, babu.

"Azaratu, ki tuna mini. Bayan nan me ke zuwa?" Ya rera mata farkon da karkataccen bakinsa.

Ta ajiye matsamin ƙosai ta dube shi. "Maigida, a ina zan sani? Ban taɓa jin kana kaɗawa ba. Shekara talatin ina ganin fitarka da kwat, ina wanke maka shi, shi ke nan."

Ya daɗe yana kallonta. Gaskiya ta faɗa. Bai taɓa kai ta otal ba, don kada a yi da ita a unguwa.

"To, sake rerawa in ji," in ji ta a hankali. "Ko farkon ne."

Ya girgiza kai. Wata mata ta iso da kwano tana neman koko, Azaratu ta juya ta kama ludayi.

Bai ƙara maganar kiɗa ba. Ya rasu a watan Nuwamba na wannan shekarar, aka binne shi bayan la'asar. Makaɗa biyu suka zo daga Adum, suka tsaya daga gefe har aka gama.