Mai Sandar Tashin Masu Gyangyaɗi

Shekara biyu bayan an sauke tutar Turawa, yaƙin basasa bai zo ba tukuna, ni kuma haƙoran gabana sun zube, a lokacin ne Kaka ta fara ba mu labarin mai sanda. Mu bakwai muke kewaye murhunta a ƙauyenmu na kan dutse, tana gasa masara, hayaƙi na cin idonmu.

Ban shiga aji ba, amma ban yar da kalma ɗaya ba. Kaka ta yi wa wata baturiyar mishan girki, daga bakinta ta ɗauko shi. Wai kakannin baturiyar sun gudu daga ƙasarsu don sarki ya hana su sujada yadda suke so. Suka ƙetare teku, suka kafa gari. Da zamansu sai doka. Ba aiki ran Lahadi, ba wasa, Kirsimeti ma suka hana. Wanda ya ƙi zuwa majami'a a sa ƙafarsa a turu a tsakiyar gari.

Suka naɗa wani mutum, suka ba shi doguwar sanda, gefe ɗaya ƙulli, gefe ɗaya gashin tsuntsu. Namiji ya yi gyangyaɗi, ƙwal a ka. Tsohuwa kuwa a sosa mata hanci.

"Shekara talatin yana zagaye benci," in ji Kaka. "Ran da zai mutu aka ce ya faɗi aya ɗaya. Ko ɗaya! Bai taɓa jin wa'azi ba, yana gadin idon mutane. Ke Saratu, masararki na ƙonewa!"

Dariya kawai muke yi. Ina na san sai na tsufa, a Kuala Lumpur, zan ga mai sanda a gidana?

Ɗana Bitrus ne, tun da aka yi shi dattijo a cocinmu na unguwar Brickfields. Yana tsaye a ƙofa yana duba agogo. Ni da na goya shi ya aiko a taɓa ni don na rufe ido! Wa'azi da Turanci, ga na'urar sanyi, me zan yi? Wannan na haɗiye. Sai ya ce za a sa Ladi a horo, a mai da ita bencin baya, a hana ta cin jibin Ubangiji, gurasar da masu bi ke karɓa a coci. Ladi gwauruwa ce, tana gyaran ɗakuna a otal a Bukit Bintang, Lahadi biyu a wata ba a sakinta. Cocin nan ne kaɗai danginta a ƙasar nan.

"Mama, doka ce lah," ya ce, har da "lah" ɗin 'yan ƙasar.

Na zaunar da shi, na ba shi labarin Kaka kaf. Jikata ta ce mutanen nan masu doka suna cikin littafin makarantarsu, wai sunansu Furitan.

"Bitrus, ran Lahadi a kan me fasto ya yi wa'azi?"

Ya buɗe baki.

"Ina jin ka, Dattijo."

"Mama, ai ina ƙofa."

"Ni barci na yi. Kai fa?"

Bai kai maganar gaban dattawa ba. Lahadin da ta biyo Ladi ta zauna kusa da ni a gaba, na yi barcina a kafaɗarta. Da na ɗauka Kaka dariya take ba mu. Ashe ta san kowane gida na iya haifar mai sanda.

Cikin mu bakwai saura ni da Saratu, tana Pankshin. Ta kurmance, kuma ba wanda ya isa ya tashe ta a coci.